Llanberis da mahaƙar Dinorwig: dutsen ne ya ƙare ko kasuwa ce ta mutu?

Sani_Magini:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata a kan Llanberis ce, ƙauyen nan na arewa maso yammacin Wales da ke gindin Yr Wyddfa, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a ƙasar, mai mita 1,085. Mutanen ƙauyen ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba. Amma a saman kansu akwai mahaƙar Dinorwig, wadda a ƙarshen ƙarni na 19 take da ma'aikata sama da 3,000, tana fitar da kusan tan 100,000 na dutsen allo na rufin ɗaki duk shekara. A 1969 aka rufe ta. Ni a fahimtata dutsen ne ya ƙare, tunda an yi shekara kusan 180 ana haƙa. Haka ne? In kuwa haka ne, da me mutanen wurin suke ci yanzu?

Injiniya_Habu:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Dutse bai ƙare ba, yana nan jibge a cikin tsaunin Elidir. Isa gare shi ne ya gagara.

A wannan sana'a, cikin kowane tan goma da aka ɓalle, da ƙyar tan ɗaya ke zama allon rufi. Sauran tara ɓaraguzai ne, kuma dole a sama musu wurin zubarwa. Masu haƙa na farko kowa inda ya fi masa kusa nan yake zubarwa, ba tare da an auna me ke ƙarƙashi ba. Da tafiya ta yi tafiya sai aka ga an binne dutse mai kyau da juji. Daga shekarun 1950 tarin ya fara zamewa yana gangarowa cikin ramukan da ake aiki. A 1966 aka yi babbar ruftawa a ɓangaren da suke kira Garret, ta rufe wurin da ya fi bayar da kaya. Sun yanka hanyar mota a kan matakan da ake haƙa a jikin tsaunin don manyan motoci su kwashe abin da ya rufto, amma allon da ake samu bai kai ya biya kuɗin kwashewa ba. Sun kuma zuba kuɗi a wata sabuwar mahaƙa a Marchlyn, ita ma ba ta fitar da su kunya ba. Ranar da aka rufe, mutum wajen 350 ne kawai suka rage a bakin aiki.

Malama_Rabi_Tarihi:
Kafin a yi nisa, a gyara wani abu. Llanberis da kuke gani yau ba shi ne ƙauyen asali ba. Tsohon yana can cikin kwari, kamar mil biyu gaba, shi ne yanzu ake kira Nant Peris. Kalmar llan tana nufin harabar coci, Peris kuwa sunan waliyyinsu ne, sai harafin p ya koma b saboda ƙa'idar harshensu. Sabon ƙauyen a bakin tafkin Padarn ya tashi, kuma mahaƙa ce ta haife shi. Abin da ya girme shi a wurin shi ne hasumiyar Dolbadarn da Llywelyn Babba, mai mulkin yankin, ya gina a farkon ƙarni na 13, tsakanin tafkin Padarn da tafkin Llyn Peris.

Haƙa ta kasuwanci ta fara a 1787, lokacin da wasu abokan hulɗa suka karɓi hayar wurin. A 1809 mai ƙasar, Thomas Assheton Smith na gandun Faenol, ya shigo harkar da kansa. Matsalarsu ta farko sufuri ce, don allo yana da nauyi kuma yana fashewa. Da farko a kwale-kwale ake ratsa tafki da shi, sannan a ɗora a keken doki. A 1824 aka shimfiɗa ƙaramin dogo da dawakai ke ja zuwa tashar ruwa ta Y Felinheli, a 1843 kuma aka buɗe layin Padarn da ke bin gefen tafki. Soke harajin allon da ake dakonsa ta teku a 1831 shi ya buɗe musu kasuwar biranen Ingila da ke ta bunƙasa.

DanFagge77:
Malama, ba wannan ba ce mahaƙar da aka ce da kuɗin cinikin bayi aka gina ta?

Malama_Rabi_Tarihi:
A'a ƙanena, ka haɗa ta da maƙwabciyarta. Waccan Penrhyn ce, a ɗaya gefen tsaunin, kusa da Bethesda. Richard Pennant ya bunƙasa ta da ribar gonakin rake na danginsa a Jamaika, inda bayi 'yan Afirka ke aiki. Da Birtaniya ta soke bauta a shekarun 1830, magajinsa ya karɓi diyyar fam 14,683 a kan bayi 764. Su bayin ko kwabo ba a ba su ba. Penrhyn ce mahaƙar allo mafi girma a duniya a wancan zamani, Dinorwig na bin ta. Ita Penrhyn har yau tana aiki, kuma jijiyar dutse ɗaya suke ci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa Malam Sani cewa ba ƙarewar dutse ba ce.

Baba_Mai_Guduma:
Ku bari in bayyana aikin kansa, don wanda bai san shi ba ba zai gane dalilin da ya sa asara take da yawa haka ba.

Ana yanka tsaunin ne hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa tsayinsa kusan mita 20. Har sunaye suka sa musu, akwai Australia, California da Abyssinia. Mai ɓalle dutse yana ratayuwa a jikin bangon da igiya ko sarƙa naɗe a cinyarsa, don hannayensa biyu su samu sakewa. Yana huda rami da doguwar sandar ƙarfe mai nauyi, yana ɗagawa yana saki yana juyawa, rami ɗaya kan ci sa'o'i. Sai ya ɗura albarushi, ya toshe da garin dutse, ya sa lagwani. Ba a tashin wuta sai a ƙayyadadden lokaci, bayan an yi gargaɗi kowa ya shige mafaka.

Dutsen yana da hanya biyu da yake yarda ya rabu. Akwai ta tsagewa fale-fale, akwai kuma wadda take ratsa ta a tsaye, da ita ake raba babban gunduma zuwa ginshiƙai. Wanda bai iya karanta waɗannan hanyoyi ba zai fasa dutse mai kyau ya mai da shi juji a bugu ɗaya. Daga nan a ɗora a tarago a kai rumfa, a yanka da zarto, a miƙa wa mai tsagawa. Shi yana zaune ne, gunduma jingine a gwiwarsa ta hagu, da cizal mai faɗin baki da guduma. Kullum biyu yake rabawa: rabi, rabin rabi, har ya kai kaurin milimita 4 zuwa 6. In ya yi ƙoƙarin ɓare siriri daga gefe guda, tsagar za ta karkace ta fita ta ɓangaren da ba shi da ƙarfi. Na ƙarshe shi ne mai datsa, wanda ke daidaita gefuna da doguwar wuƙa a kan bakin ƙarfe, yana awo da sanda mai tsaga-tsaga. Koyon wannan duka kan ɗauki yaro kamar shekara biyar.

Sani_Magini:
Baba, me ya sa albarushi? Ai nakiya ta fi ƙarfi, kuma tana nan tun kafin 1900.

Baba_Mai_Guduma:
Ƙarfin nata ne matsalar. Nakiya girgiza take yi, ta bar ƙananan tsagu a cikin dutsen da ido ba ya gani, sai an zo tsagawa ya ruguje a hannu. Albarushi turawa yake a hankali, ya ɗaga gundumar ta bi hanyarta. Nakiya sai a kan dutsen banza da ake so a kawar.

Wani abin da ke ɓata kaya shi ne bushewa. Dutsen da aka ɓalle yana da danshinsa na asali, da shi yake tsagewa. In ya kwana biyu a rana da iska ya bushe, ya ƙi. Sanyi ma haka: in ya daskare yana tsagewa da sauƙi, amma da zarar ƙanƙarar ta narke shi ke nan, ya taurare.

Girman allunan kuma da sarautun mata ake kiransu. Duchess inci 24 da 12, Countess 20 da 10, Lady 16 da 8. Tunda kai magini ne, ga lissafi: allo mai milimita 500 da 250, in ka ba shi hawan kai na 100, wato abin da yake rufewa na kan allon da ke jeri biyu ƙasa da shi, ka cire 100 daga 500 ka raba biyu, tazarar katakon da za a buga a kai ta zama 200. Allo 20 ke nan a kowace murabba'in mita, nauyi kilo 35 zuwa 40, ninkin kwano sau da yawa. Ƙusa biyu kowanne, ta jan ƙarfe. Rufin allo yakan haura shekara 100, kuma in ka ga ya fara zubewa yawanci ƙusar baƙin ƙarfe ce ta yi tsatsa, allon lafiyarsa ƙalau.

Hajiya_Ummi_Lissafi:
Injiniya ya ɗora laifin a kan zubar da ɓaraguzai barkatai, amma bai faɗi abin da ya jawo hakan ba. Tsarin biya ne.

Aikin jinga ake yi. Mutum uku ko huɗu, galibi dangi, su karɓi wani yanki na bangon mai faɗin kusan mita 6. Duk mako huɗu heluman kamfani zai zo ya duba dutsen, a yi ciniki. Akwai tsayayyen farashin allo, sai a ɗora wani ƙari a kan kowane fam da suka samu. In dutsen mai kyau ne ƙarin kaɗan ne, in mara kyau ne a ƙara. A takarda adalci ne. A aikace, in kuka yi ƙoƙari kuka samu da yawa wannan wata, wata mai zuwa a rage muku ƙarin. Kuma heluma shi ke da ta cewa a kan wa zai samu wuri mai kyau, don haka ƙofar son kai da cin hanci a buɗe take.

Daga abin da suka samu ake cire kuɗin albarushi, lagwani, igiya da wasa kayan aiki a maƙera. Ɗarinsu ma ba 100 ba ce, sai sun kawo allo 128 ake rubuta musu ɗari, wai saboda wanda zai fashe a hanya. Masu kwashe dutsen banza kuwa da tan ake biyansu. To wanda ake biya da tan, ina ruwansa da inda ya zuba? Wuri mafi kusa shi ne riba. Kamfanin da ke lissafin mako huɗu-huɗu bai tanadi inda jujin shekara hamsin zai zauna ba.

Injiniya_Habu:
Na karɓi gyara, Hajiya. Sai dai leburan ba shi ke zaɓen inda dogon juji zai bi ba, masu gudanarwa ne. Laifin nasu ne.

Kwamared_Isa:
Wannan jingar ce ta haifi ƙungiyar ƙwadagonsu a 1874. Da yake mai gandu ya hana taro a ƙasarsa, sai suke haɗuwa a kan wani fa a ƙarshen tafkin Padarn, wanda har yau ake kira Craig yr Undeb, wato dutsen ƙungiya. A shekarar aka kulle wa ma'aikatan Dinorwig sama da 2,000 ƙofa na mako biyar, a kan su zaɓi ƙungiya ko aiki. Ba su bar ƙungiyar ba. An sake kulle su daga ƙarshen 1885 zuwa Maris 1886.

Ku lura da abin da ya sa yajin aiki yake da wuya a wurin. Mai mahaƙa shi ne mai gidan hayar da kake ciki, shi ne mai 'yar gonar da kake kiwon saniya ɗaya da alade. In ya kore ka daga aiki, yana iya tashinka daga gida. Shi ya sa ƙauyuka irin su Deiniolen da Clwt-y-bont suka tashi a kan filayen da ba na Faenol ba. Babban rikicin kuwa a Penrhyn aka yi shi, daga Nuwamba 1900 zuwa Nuwamba 1903, mutum 2,800. Masu yajin suna liƙa kati a tagar gida mai cewa babu maci amana a gidan nan.

Nas_Jamila:
Ba a taɓo lafiya ba. Tsakanin 1822 da 1969 mutum 362 suka mutu a haɗurra a Dinorwig: faɗowa, ruftawar dutse, tashin albarushi, taragon da ya kuɓuce a gangara. Mahaƙar tana da asibitinta tun 1860, ana cire wa ma'aikata kuɗi daga albashi don tafiyar da shi, kuma tun 1898 suka samu na'urar hoton ƙashi.

Amma wanda ya fi kisa ba ya cikin wannan lissafi. Ƙurar dutsen tana da sinadarin silika. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, suna shiga can cikin huhu, jiki ya kasa fitar da su, wurin ya yi tabo ya taurare. Mutum zai shekara 15 ko 20 bai ji komai ba, sannan numfashi ya fara gaza, tarin fuka ya samu wurin zama. Masu aiki a rumfunan zarto sun fi shan ta a kan masu ratayuwa a bango, don su a rufe suke. Wasu likitocin kamfanoni sun daɗe suna cewa ƙurar ba ta da illa, suna ɗora laifi a kan yawan shan shayi da rashin cin abinci mai kyau. Sai a 1979 aka yi dokar biyan diyya ga waɗanda kamfanoninsu suka riga suka rufe, shekara goma bayan Dinorwig. Maganin kuwa sananne ne, a yanka da ruwa kuma a zuƙe ƙurar daga bakin zarto.

DanFagge77:
Likitan asibitin nan, Mills-Roberts, ai shi ne golan Preston North End da suka ci kofin FA a 1889. Masu bin ƙwallon Ingila su riƙe wannan.

Zainabu_Harsuna:
Ana ta maganar wahala, amma akwai abin da ya riƙe mutanen. A kowane hawa akwai 'yar bukkar dutse da suke kira caban, inda ake cin abincin rana a sha shayi. Ba wurin hira kawai ba ne. Tana da zaɓaɓɓen shugaba da ma'aji da mai tsawatarwa, kowa da wurin zamansa gwargwadon shekaru. A nan ake muhawara kan siyasa da addini, a yi gasar waƙa, a tara gudummawa ga wanda ya ji rauni ko matar da ta rasa miji. Duk da harshensu na Cymraeg. Masu mahaƙar Turancin Ingilishi suke yi, suna bin cocin gwamnati, ma'aikata kuwa ƙananan majami'u masu zaman kansu suke zuwa, irin Capel Coch da ke Llanberis, inda makarantar Lahadi ke koya wa yaro da babba karatu da harshen uwa. Kwabban masu fasa dutse na cikin abin da aka tara aka kafa kwalejin Bangor a 1884.

Ba kowa ne ɗan ƙauyen ba. Mutanen tsibirin Môn sukan taso da asubar Litinin, su hau jirgin fito su ƙetare mashigin Menai, su kwana mako a barikin da ke kan tsaunin: jeri biyu, ɗakuna 11 kowane jeri, mutum huɗu a kowanne, ba ruwan famfo ba lantarki. Asabar da rana su koma gida. Kangon yana nan har yau.

Alhaji_Tanko_Kasuwa:
Ni ban yarda ruftawar 1966 ce ta kashe ta ba. Da akwai masu saye, da an samu kuɗin kwashe jujin. A 1898 masana'antar allo ta Wales tana da ma'aikata 17,000, ta fitar da tan 485,000. Daga nan gangara ce. Yajin Penrhyn ya sa kaya ya yi ƙaranci, 'yan kasuwa suka koma sayo na Faransa da Amurka. Yaƙin duniya na ɗaya ya rufe kasuwar Jamus, wadda babbar mai saye ce. Sannan tayil na yumɓu da na siminti suka shigo, inji ke buga su dubbai, girmansu ɗaya, kowane kafinta zai iya jerawa. Allo kuwa sai an tsaga ɗaya bayan ɗaya da hannu, an ware shi bisa kauri kafin a hau rufi. Bayan yaƙi na biyu, lokacin da aka fi gina gidaje, an taƙaita allo ga gyaran tsofaffin rufi na wasu shekaru, magina suka saba da tayil. Yau yawancin allon da ake rufi da shi a Birtaniya daga Sifen yake zuwa.

Sani_Magini:
To na gane dutse bai ƙare ba. Saura rabin tambayata: da me suke ci yanzu?

Bello_Lantarki:
Cikin tsaunin Elidir ɗin nan yanzu tashar lantarki ce. An fara ginin a 1974, aka buɗe a 1984. An haƙa ramuka masu tsawon kilomita 16, aka fitar da dutse tan miliyan 12. Zauren injinan tsawonsa mita 180, tsayinsa mita 51.

Ba irin Kainji ba ce da kogi ke kawo mata ruwa kyauta. Wannan ma'ajiya ce. Akwai tafki a sama, Marchlyn Mawr, akwai Llyn Peris a ƙasa, tsakaninsu tsayin sama da mita 500. Lokacin da wuta take da araha, galibi da dare, injinan shida suna juyawa da baya su tura ruwa sama. Da buƙata ta tashi sai a sako shi. Kowane inji megawat 288, jimla 1,728, fiye da ninki biyu na megawat 760 na Kainji. Amma sa'a biyar zuwa shida ruwan ya ƙare, kuma cikin kowane kashi huɗu na wutar da aka kashe wajen turawa, uku ne ke dawowa. Amfaninta sauri ne: in injinan na juyawa a shirye, cikin daƙiƙa 12 take kai megawat 1,320. Ana buƙatar haka in wata babbar tasha ta faɗi, ko lokacin hutun rabin lokaci na babban wasa da miliyoyin gidaje ke kunna butar shayi a tare. Da yake ruwan Llyn Peris yana hawa da sauka kullum, sai da aka kwashe kifin torgoch da ke cikinsa aka kai wasu tafkuna.

Kwamared_Isa:
Malam Bello, ginin ya ba mutane aiki na shekara goma, gaskiya ne, kuma tsofaffin masu fasa dutse sun samu shiga. Amma da aka gama, tashar ba ta buƙatar ko kashi ɗaya cikin goma na mutum 3,000 ɗin nan.

Malama_Rabi_Tarihi:
Baƙi ne ke riƙe da ƙauyen yanzu, kuma ba sabon abu ba ne. Jirgin ƙasan da ke hawa Yr Wyddfa tun 1896 yake aiki, a kan dogo mai haƙora a tsakiya, tafiyar kilomita 7 da rabi. A 1971 aka mai da wani ɓangare na tsohon layin Padarn jirgin yawon buɗe ido, da ƙananan injinan mahaƙar. A 1972 maƙerar kamfanin da ke Gilfach Ddu, ginin 1870, ta zama gidan tarihin allo. Babban injiniyan mahaƙar, Hugh Richard Jones, shi ya tsaya kai da fata aka hana gwanjon kayan cikinta, har da babban wilin da ruwa ke juyawa, mai faɗin mita 15.4, wanda ke juya injinan. Tseren hawa tsaunin daga ƙauyen, mil 10 zuwa da dawowa, tun 1976 ake yi. A Yulin 2021 kuma UNESCO ta sa yankin allon cikin wuraren tarihi na duniya.

Zainabu_Harsuna:
Sai dai aikin baƙi na lokacin zafi ne, albashinsa kaɗan, da hunturu shaguna da yawa a rufe suke. Kuma gidajen da aka gina wa masu fasa dutse yanzu masu kuɗi daga nesa ke saye su mai da su masaukin hutu, ɗan gari ya kasa biya. A Afrilun 2023 majalisar Gwynedd, yankin da Llanberis ke ciki, ta fara ƙara kashi 150 cikin 100 a kan harajin gidan da ba shi ne ainihin mazaunin mai shi ba. A ƙidayar 2021 kashi 64 cikin 100 na mutanen Gwynedd ke jin Cymraeg, kuma a Llanberis har yanzu da shi ake karatu a firamare. Duk gidan da ya koma na hutu, yaran da za su cika ajin nan ne suka ragu.

Hajiya_Ummi_Lissafi:
Ƙarin harajin yana da ɓaraka. Gidan da aka yi wa rajistar kasuwanci yana fita daga harajin gida gaba ɗaya. Shi ya sa gwamnatin Wales ta ce daga 2023 sai an ba da gidan haya na dare 182 a shekara kafin a lissafa shi kasuwanci.

Injiniya_Habu:
Alhaji Tanko, in kasuwa ce kaɗai, me ya sa Penrhyn ta tsira? Tayil ɗaya suka fuskanta, Sifen ɗaya. Bambancin shi ne a shekarun 1960 kamfanin McAlpine ya shigo Penrhyn da jari, ya cire dogo da gangara ya sa hanyoyi da manyan motoci. Dinorwig tana hannun dangin Faenol har ƙarshe, hawanta a rataye a jikin tsauni, jujinta a kan dutsenta.

Alhaji_Tanko_Kasuwa:
Penrhyn ta tsira da mutum 'yan ɗaruruwa, Injiniya, ba dubbai ba. Kasuwar da ta rage ta mahaƙa ɗaya ce babba, kuma wadda ta fi sauƙin haƙa ita ta ɗauka. Ko da Garret bai rufta ba, ka lissafa mini wa zai sayi tan 100,000.